Ranar da na kunna hita a hanyar Azare

Mun yi da Kawu cewa da an sallame asuba za mu ɗauki hanya, amma sai wajen ƙarfe tara muka bar Hotoro, don shi ba ya fita sai ya sha kokonsa. Ɗaurin auren ɗan wansa za mu je a Potiskum, bayan la'asar. Ni ke tuƙi, Kawu na gefena, matata da 'yarmu suna baya. Watan Afrilu ne, lokacin da zafi kan haura digiri 40 da rana, don haka tun daga ƙofar gida na rufe gilasai na ƙure esi. Kwana uku kafin nan na biya aka ƙara wa esin motar gas, sai taƙama nake.

Muka haye gadar Wudil, muka wuce Shuwarin, lafiya lau. Bayan Kiyawa ne na ji iskar esi ta fara ɗumi, na duba allurar zafi. Shekara shida ina tuƙa wannan 'yar Kwatanon, kullum allurar tana ƙasa da rabi kaɗan, amma yau ga ta tana rarrafe wajen ja. Na kashe esi, na sauke gilasai. Ta ɗan sauka, ta sake hawa.

Sai na tuna maganar wani tsohon direban hayis da ya taɓa ce mini in mota ta ɗau zafi a daji, a kunna hita. Hita ɗin nan ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod, ruwan injin ne ke bi ta cikinsa, in fanka ta hura sai ta kwashe wani zafin ta zubo muku. Na murɗa shi har ƙarshe.

"Kai, lafiyarka kuwa? Tsire za ka yi da mu?"

"Kawu, a yi haƙuri, ko mu gasu ko inji ya gasu."

Ya cire hula yana fifita, yana salati. Allurar kuwa ta tsaya cak, ba ta shiga jan ba, har muka isa Jama'are na faka a gindin wata darbejiya. Ina ɗaga bonet, ruwa na ɓararraka a 'yar robar gefe. Wani yaro mai sayar da ruwan leda ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto don ya taimaka, na daka masa tsawa. Na taɓa ganin hannun wanda ya yi haka, fatar ta saɓule har gwiwar hannu. Kusan minti arba'in muka zauna kafin na sa tsumma na buɗe, na ɗura ruwa, muka lallaɓa zuwa Azare.

A Azare aka nuna mana wani dattijo da ba ya aikin komai sai lagireto. Na soma zuba masa bayani, shi kuwa bai ko saurare ni ba, murfin kawai ya kwance ya juya bayansa. Robar ta tsage, sifirin ya saki, da ɗan yatsa yake danna shi.

"Ɗana, yaushe rabon ka canja wannan?"

Ni ban ma san ana canjawa ba. Ya nuna mini lambar da ke jikinsa, 1.1, ya ce aikin murfi riƙe matsi ne. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma in murfin nan na da lafiya sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba, shi kuwa inji a wajen 90 yake aikinsa. Nawa murfin ya daɗe da zama ado.

Da ya kwance ƙasan lagireto, abin da ya zubo jajawur ne kamar ruwan kogi a damina. Ya tambayi wane ruwa nake zubawa, na ce na burtsatse. Ya ce in tuna farin dattin da ke kama cikin tukunyar mai shayi, irinsa ne ke toshe siraran hanyoyin lagireto, ga tsatsa a kai, kuma ruwan kulan da nake ganin ɓarnar kuɗi ne shi ke hana duka biyun. Yaronsa ya zura hannu tsakanin lagireto da kondensar esi da ke gabansa, ya zaro leda, busassun fari, da ƙurar hunturun bana da ta bara sun dunƙule kamar auduga. Iska ba ta ratsawa, ni kuma ina ta ƙara gas.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne da ya tarar babu tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya ɗau zafin aikinsa. Bakanikena na Kano ne ya cire tun motar na sabuwar zuwa, wai na ƙasar sanyi ne. Dattijon ya yi tsaki, ya ce masu cirewa ciwon suke ɓoyewa, inji ya daɗe bai ɗau zafin aikinsa ba, yana shan mai a banza. Ba shi da irin nawa, ya ce in nema a kasuwar Ƙofar Ruwa in na koma Kano. Daga nan ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba ko ya koma kamar shayi da madara, ya tayar da inji yana leƙen bakin lagireto ko zai ga kumfa na tasowa. Babu. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, bai ƙone ba. A nan na yi ajiyar zuciya, don da ya ƙone a Azare za mu kwana.

Wanki, sabon murfi da galan ɗin kulan, gaba ɗaya kaɗan suka ɗara abin da na ba mai gas. Muka yi la'asar a masallacin garejin, muka tashi. Na kunna esi da ɗar-ɗar, ina satar kallon allura har Potiskum, ba ta motsa ba.

Ana kiran magariba muka shiga gari, ta tsakanin tirelolin da suka yi layi a bakin titi. An ɗaura aure, an watse, goro ma ya ƙare. Kawu ya fito yana gyara babbar rigarsa da gumi ya yi wa zane a baya, wansa ya tare shi yana tambayar me ya tsare mu.

"Tambayi ɗanka," in ji shi. "Shi ya ga ina jin sanyi."