Amalanken zinariya da ya hana ni kulle shago

Ni dai sana'ata fotokopi ce da buga takardu a nan Maradi, yawancin masu zuwa wurina ɗaliban iniversite ne, masu memuwar da masu neman a yi musu kopin darasi. Da rana inji ba ya hutawa, amma daga an yi isha'i shago sai ni da sauro. Wasu yara ƴan fada ɗaya suka fara kawo mini takardu da faransanci in buga musu, duk layi-layi da lambobi, na ce wannan kuma wane darasi ne, suka ce yaya ba darasi ba ne wasa ne, Dungeons & Dragons, a Amurka aka ƙirƙiro shi tun 1974. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, in za ka yi wani abu sai ka jefa ɗan de irin na ludo amma shi fuska 20 gare shi.

Daga nan na sa musu tebur da benci biyu a ciki. Kowa dala ashirin a dare, takardar jarumi dala biyar, taswira in suna so a sa mata leda wannan kuɗinta daban, shayi kuma ƙanena ke dafawa ya sayar. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, amma tana rage mini kuɗin wuta. Wani dattijo maƙwabcina da ya ga ana jefe-jefe ya ɗauka caca ce, sai da ya zauna rabin awa ya ga ko dala ba a ajiye ba sannan ya tashi yana cewa yaran zamani sai a hankali.

To ranar wata asabar aka yi wadda ta fi ƙarfina. A labarin sun ci wani dodo da yaƙi, sun loda dukiyarshi a amalanke, ga mayaƙa na biye da su. Mai riƙe da boka ya ce shi zai yi teleportasiyo, su naɗe ƙasa suke ce mata, ya aika amalanken wani gida da duk abin da ke kai. Mai labari ya ce ina, ba ta yiwuwa. Nan fa aka ajiye wasa aka koma shari'a, har ni aka sa na buɗe ordinatar na nemo shafin. Dokar naɗe ƙasa a littafin wasan, bugun 2014, cewa ta yi ko dai kai da mutum takwas da suka yarda, ko kuma abu guda ɗaya tak da kake gani kusa da kai, wanda zai shiga cikin akwatin da kowane gefenshi ƙafa 10 ne, wajen mita 3, kuma kar ya zama yana hannun wanda bai yarda ba. Bokan ya miƙe ya auna da taku a ƙasan shagona, ya ce ga shi nan amalanke ya shiga. Mai labari ya ce ba girma ake magana ba, a littafin mai jan wasa an ce ƙofa abu ce, kujera abu ce, takobi abu ne, amma gini ko abin hawa tarin abubuwa ne.

Sai wani ƙaramin cikinsu da ba ya cika magana ya ce to sanduƙi fa? In sanduƙi abu guda ne, an aika shi, zinariyar ciki ta bi shi ko ta zube ƙasa? In ta bi, mi ya raba shi da amalanke in ban da taya? Wallahi shiru aka yi, ni kaina da ba na wasan na tsaya da almakashi a hannu ina tunani. Ni a ganina yaron ya fi su gaskiya, don in ka sayi buhun gero a kasuwa ba wanda ke ce maka ƙwaya dubu nawa ka saya, buhu guda ne. Amma ba a tambaye ni ba.

Aka yi ta yi har sha ɗaya ta gota, wuta ta ɗauke, suka kunna fitilar waya suka ci gaba, shayi ya ƙare, maiɗakina ta kira sau uku. Ƙarshe mai labari ya ce su juye dukiyar a babban sanduƙi ya yarda, amma amalanke da jaki a nan za su kwana. Kuma doka ta ce shi zai jefa de na ɗari ya ga ko kaya ya sauka daidai, tunda gwargwadon yadda ka san wuri gwargwadon saukarka lafiya. Bokan sau ɗaya ya taɓa ganin gidan da ya ambata. Aka jefa, sanduƙi ya sauka wani gida mai kama da shi a wani gari can daban.

Washegari na buga takarda na manna a bango: gardamar doka ba ta wuce kofin shayi ɗaya, daga nan maganar mai labari ita ce magana, goma da rabi ana kulle shago. Bokan ya karanta ya ce yaya wane kofi, na farko mai ɗaci ko na uku? Har yau dala ashirin ɗinshi ta wannan dare ba ta shigo hannuna ba, wai sai sun gano sanduƙin.