Noman waya da na yi daga Aboabo

Na gama makaranta a 2019, na yi shekarar sabis ɗina, daga nan fa sai zaman benci a Aboabo, unguwarmu ta Kumasi, ana shan ataya ana gardamar ƙwallo. Takardar neman aiki kam na raba ta kamar goron suna, Adum, Asokwa, har Accra na aika, shiru kake ji. Burina ofis ne mai sanyi da taye a wuya, gaskiya ko a mafarki ban taɓa ganin kaina da fartanya ba, mu yaran zango abin da muka sani shi ne kasuwa ko Magazin (unguwar makanikai ta Kumasi) ko a samu hanyar fita waje.

Kawuna da ke Ejura ne ya zo biki ya ganni, ya ce, "Kai ɗana, wannan zaman har yaushe? Ga eka uku can, ka zo ka sa masara." Na ce to Kawu, amma a raina na riga na tsara yadda zan yi ba tare da na bar Kumasi ba. Wato in samu wani ya riƙa duba gonar, ni kuma ina turo kuɗi ta MoMo. Haka kuwa aka yi a babbar damina ta 2021, kuɗin tarakta in tura, kuɗin iri in tura, kuɗin feshi in tura, shi kuma yana aiko min da hotuna ta WhatsApp kore shar, ina nuna wa abokai ana ce min manomi. Sau biyu kacal na bi hanyar Mampong na je. Ashe hotunan duk bakin gona ne, can ciki tsutsar nan da ta addabi Ghana tun wajen 2017 ta shige zuciyar masara ta ci ta ƙoshi. Ita wannan tsutsar da rana ɓuya take cikin ƙoƙon ganye, sai an yi feshi da sassafe ko da yamma kuma a saita bakin famfon cikin ƙoƙon, shi kuwa mutumina da tsakar rana yake watsawa sama-sama ya tafi abinsa. Ban ma ga laifinsa sosai ba, ai ba gonarsa ba ce.

Ɗan abin da ya tsira kuma aka girbe shi a Agusta, sama a lulluɓe, ba ranar shanya. Masara ta fara fumfuna, matan kasuwa suka taya yadda suka ga dama, na sallama don ba yadda zan yi.

Mma ta ce in haƙura in nemi pragya, keken haya mai ƙafa uku, in riƙa ja. Na ƙi, ba don jarumta ba, kunya ce kawai.

2022 na tattara na koma gidan Kawu, kuma shekarar ce taki ya yi tashin gwauron zabi saboda yaƙin Rasha da Yukren, kuɗinmu sidi ma ta faɗi warwas. Kawu ya ce in rage gonar zuwa eka biyu in ciyar da ita da kyau, kuma in jira ƙaramar damina, a shuka ƙarshen Agusta zuwa Satumba, girbi ya faɗo Disamba lokacin da iskar hunturu za ta busar min da ita kyauta. Na sa Obatanpa, irin masarar da masu binciken noma na Fumesua suka fitar, takin NPK bayan sati biyu, takin amoniya bayan kamar sati shida, kuma kullum da asuba ina cikin gona ina buɗa ganye ɗaya-ɗaya ina neman kashin tsutsa. Hannuna ya yi kanta, na yi baƙi har Mma ta ce ko ciwo nake.

Wannan karon ban sayar a kaka ba. Na zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ƙwari ke mutuwa don ba iska, na ajiye sai da masara ta yi wuya wajen Mayu, masu kiwon kaji da kansu suka zo da aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, har ƙofar gida.

Har yanzu in na ga sanarwar ɗaukar aiki zuciyata takan ɗan motsa, ba zan yi ƙarya ba. Jiya ma wani abokina daga bencin namu ya kira wai yana da kuɗi a hannu, in nema masa eka biyar da yaron da zai duba masa. Na ce masa akwai katifa a ɗakina, in ya shirya ya hau mota.