Taragon da na ƙara wa shekaru

Makon nan na miƙa makullin ofis da kundin hotuna, bayan shekara huɗu ina bin tsofaffin taragu yadi-yadi ina rubuta asalinsu. Waɗanda muka yi aikin tare sun san yadda ranakun suke, ba sai na faɗa ba. Abin da nake so in rubuta shi ne maganar taragon fasinjan nan na ƙarshen mataccen layi, wanda kuka riƙa kira da sunana har na bar wurin.

A shekarata ta biyu na same shi, ciyawa ta kai masa taga, awaki sun mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa. Allon maƙera da ya kamata a gani a ƙarfen gindinsa babu shi, sai ramukan ƙusa huɗu, 'yan jari-bola sun daɗe da ɓalle shi. Na durƙusa na kankare murfin akwatin giris da ke bakin taya, sai ga shekara a zube a jikin ƙarfen, ta kafin yaƙin duniya na farko. Har hannuna rawa yake yi. Layin Baro ya iso Kano a 1911, ga ni kuma tsugune gaban abin da nake zaton ya ga wancan zamani. A daren na rubuta rahoto, na ce mai yiwuwa taragon na lokacin ne, amma a ƙara bincike.

Washegari Oga ya karanta, ya ɗauki jan biro ya soke "mai yiwuwa", ya soke "a ƙara bincike". Na ce, "Ranka ya daɗe, murfi ɗaya fa kawai na gani." Ya ce, "Da idonka ka gani ko a mafarki? Baƙi ba sa tasowa daga nesa don kallon mai yiwuwa." Na yi shiru. Aka buga allo aka kafa a gaban taragon, rahoto ya tafi sama da sunansa a bango, nawa babu ko a ciki.

Ranar da baƙin suka zo, an gayyato wani tsohon fita, wato makanikin reluwe, da ya yi ritaya tun ina firamare, don dai a ga dattijo a hoto. Baba ya zagaya taragon sau biyu yana dogara sanda, bai ce komai ba. Sai ya ce a kama shi ya hau. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ciro makullin gidansa ya shiga kankare dokin ƙofar, inda fenti kan fenti da ƙurar shekaru suka daskare. A hankali haruffa suka fito: Metropolitan-Cammell. Ɗaya daga cikin baƙin ya san tarihin, ya kuma faɗa a gaban kowa. Babu kamfani mai wannan suna sai a 1929, lokacin da kamfanin Metropolitan na Birmingham ya haɗe da sashen ƙera taragu na Cammell Laird. Ko da a shekarar haɗewar aka ƙera shi, na ƙara masa shekara 18.

Baba ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Ɗana, ƙafa ka duba, ba ka duba jiki ba." Ya ce idan tarago ya shigo babban gyara, ɗaga jikin suke yi su turo bogin, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, waje, su saka duk wanda ya gama gyaruwa in dai ya dace. Shi kuwa murfin akwatin giris, wanda ke kusa da hannu shi ake ɗaurawa. Da hannunsa ya yi wannan fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma mutumin da zai faɗa mini haka cikin minti biyar yana zaune a unguwar reluwe, ban taɓa zuwa na gaishe shi ba.

Oga bai ɓata lokaci ba. A nan take ya ce wa baƙin, "Yaron nan ne ya kawo mana, kun san yaran yanzu da gaggawa." Takardar neman bahasi ta biyo baya, ƙarin girman shekarar ya wuce ni. Na daɗe ina jin zafin wannan, kuma ba zan ce ya tafi ba. Amma na san nawa laifin. Ranar jan biro ina da baki, na ga ana mai da zato tabbas, na bari saboda ina son a ce ni na gano. Ga waɗanda za su zauna a kujerata: ku ajiye kwafin abin da kuka rubuta kafin ya shiga ofishin kowa, da kwanan wata a kai.

Tun daga nan nake raba kati uku ga kowane tarago: jiki, ƙarfen gindi, bogi. Kowanne da nasa tarihin, sai sun yi daidai nake haɗa su a jimla ɗaya. Sunan maƙeri, ko Gloucester ne ko Cravens na Sheffield, a wuri biyu nake neman sa kafin in yarda. Ƙusoshin da aka daka da zafi sun girmi walda, amma facin walda a tsohon jiki gyara ne kawai. Lambar da aka rubuta da fenti ta sha canji, wadda aka buga a katakon taga ko bayan ƙofa ta fi gaskiya. A ɗauki tef kullum a auna faɗin tsakanin tayoyi: faɗin tsohon babban layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, ƙaramin jirgin kuza da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, ƙafa 2 da inci 6 ne. Sau uku ana nuna mini "taragon jirgin kuza" awo yana ƙaryatawa. Duk tarago mai ɗan kyau kuma, za a ce maka na Gwamna Lugga ne, ko Sarauniya ta shiga a 1956. A saurara da ladabi, a rubuta wanda ya faɗa, a ci gaba da kankara.

Taragon gadi, na wutsiyar jirgin kaya, shi ya fi ba ni wahala daga baya, don hotunan intanet sun cika da irin na Amurka, kabus, mai ɗan ɗaki a kan rufi inda ma'aikata ke hango jirgi. Su can sun yi watsi da shi a shekarun 1980, da na'urar ƙarshen jirgi ta maye gurbinsa. Namu tsarin Ingila ya bi, ɗaki ne na gadi da birkin hannu. In ka ga kututturen birkin ko ramukansa a daɓe, taragon gadi ne tun asali. In babu, wataƙila taragon kaya ne aka huda wa taga.

Taragu da yawa na tantance bayan wancan, babu wanda aka dawo mini da shi. Rabin aikin a tabarmar Baba aka yi shi, ina nuna masa hoto yana gyara mini. Jiya na koma ƙarshen layin. Allon da ke wurin yanzu ni na rubuta shi: jiki, ba kafin 1929 ba, bogi, daga wani tarago dabam. Takardar nan mai jan biro ban miƙa ta tare da makulli ba, tana cikin jakata.