Darussan da na koya daga zaman Laraba da iyayen ɗalibaina

Takardar canjin wurin aiki ta iso mini a ƙarshen zangon karatu na biyu, kuma kafin in miƙa rajistar aji ga wanda zai gaje ni, na ga ya dace in rubuta wa 'yan'uwana malaman ƙananan sakandare na cikin birnin Katsina abin da zama a wannan makaranta ya koya mini. Ba zan tsaya bayanin tsara darasi ko kiran suna ko makin jarrabawa ba, domin duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban yara sama da ɗari, rabinsu a kan benci rabinsu a kan siminti, ya san waɗannan. Maganata a kan iyaye ce: yadda ake shan wahala kafin a sami amincewarsu, da yadda mutum ɗaya mai riƙe da hatimin makaranta zai iya watsar da ita a zama guda.

Tun da dokar ilimin bai ɗaya ta shekarar 2004 ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara 9 na karatu kyauta kuma dole, azuzuwanmu suka cika maƙil, amma dangantakarmu da gidajen da yaran suke fitowa ba ta ƙaru da komai ba. Yaran da muke koyarwa suna tsakanin shekara 12 zuwa 15 ne, wato daidai lokacin da uba yake fara tunanin ko gareji ko rumfar kasuwa za ta fi wa ɗansa amfani, uwa kuma take lissafin abin da tallar 'yarta za ta tara mata na kayan ɗaki. A irin wannan gaɓa, makaranta ba ta kiran uba sai don ɗayan abu biyu, ko dai ɗansa ya yi laifi, ko kuma ana neman kuɗi. Shi ya sa idan aka ba yaro takardar taron ƙungiyar iyaye da malamai, sau da yawa a cikin jakarsa take kwana har ta yage, kuma ban taɓa ganin laifin iyayen a kan haka ba.

Jadawalinmu na mako irin wanda kowa ya sani ne. Litinin akwai doguwar asambile, Alhamis ana sharar harabar makaranta, Juma'a 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi suna gabatar da nasiha a tashi da wuri saboda masallaci. Darussa biyu na ƙarshe a ranar Laraba an ware su ne don kulob-kulob, sai dai a takarda kawai suke, domin da zarar an buga ƙararrawa malamai sai su nufi babura, yara kuma su haura katanga. Wannan lokaci da aka yi watsi da shi ne na roƙa aka bar mini tare da ajina, wato 'yan aji biyu, kasancewar ni ne malamin ajin kuma ni nake koyar da su Hausa. Mako ɗaya mu yi muhawara, wani makon kacici-kacici tsakanin layukan aji, wani kuma ɗan gajeren wasan kwaikwayo da yaran suka tsara da kansu. Aikin gida da nake bayarwa kuwa ba ya yiwuwa sai an tambayi babba: a je a ji daga bakin kaka dalilin da ya sa ake kiran Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga ko Ƙofar Marusa da sunayensu, a samo abin da dattawan unguwa suka sani game da hasumiyar Gobarau da Wali Ɗan Marina. Mun taɓa takawa da ƙafa zuwa ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, sai na tarar da yawancin yaran suna wucewa ta gabansa amma ba su taɓa sanin ana shiga ba.

Daga waɗannan tambayoyi na gida ne iyaye suka fara aiko da saƙo, wasu suna gyara abin da yaro ya rubuta, wasu suna cewa labarin bai cika ba. Sai na ce to, wanda yake da gyara ya zo da kansa ya faɗa wa aji. Haka muka fara abin da yaran suka raɗa wa suna baƙon Laraba, sau ɗaya a wata.

Wanda ba zan manta ba shi ne wani dattijo maƙeri, mahaifin wani yaro da kullum yake zama a bencin baya, ba ya ɗaga hannu, kuma takwarorinsa sukan tsokane shi da baƙin gawayin da ke faratansa. Dattijon ya zo da zugazugi da masaba da awartaki da ƙaramar uwar maƙera a cikin kura, ya kafa su a gindin bishiyar bedi da ke bayan aji. Da na ce masa, "Baba, ga kujera," sai ya ce, "Allah shi gafarta malam, maƙeri ba ya aiki a kan kujera," ya zauna a kan buzunsa, ya kira ɗansa ya kama zuga. Yaron nan da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban allo shi ne ya riƙa yi wa aji bayanin yadda ake gane ƙarfe ya nuna daga launinsa, da dalilin da ya sa ake tsoma shi a ruwa bayan an gama bugu. Kafin a tashi sun ƙera lauje, malamin kimiyya kuma ya tsaya a gefe yana rubutu, domin a makon da ya biyo baya da wannan lauje ya koyar da darasin zafi da narkewar ƙarfe. Daga ranar yaron ya dawo bencin gaba, mahaifinsa kuma bai sake fashin taron iyaye ba. Bayansa mun karɓi baduku, da ma'aikaciyar jinya da ta yi wa 'yan mata bayanin tsafta, da wani direban tirela da ya zana wa yara hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya a kan allo.

Iyaye mata ba sa iya zuwa ranar Laraba, wasu saboda kulle, wasu saboda sana'ar cikin gida, don haka malamai mata biyu suka ɗauki nauyin zama da su da hantsin Asabar a gidan mai unguwa. A wurin wannan zama ne aka warware matsalolin da mu maza muka daɗe muna ta bugun yara a kansu ba tare da mun san tushensu ba. A nan muka gane cewa makarar 'yan mata da safe ba taurin kai ba ne, sai sun sayar da koko da ƙosai sannan su sa yunifom, sai matan suka amince a tsakaninsu cewa tallar safe ta koma hannun waɗanda ba su da aji a lokacin. A nan kuma suka kafa adashi na sayen yunifom da takalmi ga marayu. Amfanin wannan zumunci ya fito fili a shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu tun watan Maris, sannan a watan Disamba aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, tsoro ya shiga zuciyar kowane mahaifi har da na 'yan jeka-ka-dawo irin namu. Da aka koma karatu, yaran da ba su dawo ba waɗannan mata ne suka bi su gida-gida, tare da mai unguwa da limamin masallacin unguwar, har suka dawo da mafi yawansu. Babu malamin da zai iya shiga gidajen da suka shiga.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon shugaban makaranta. Da farko ya nuna jin daɗi, kuma da masu duba makarantu suka zo ya zagaya da su ajina, ya nuna musu laujen da ke rataye a bango da littafin da muke rubuta jawabin baƙi, ya ce tsari ne da ya zo da shi don kusantar da makaranta ga al'umma. Ina tsaye a bakin ƙofa ban ce uffan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba a kaina aka fara ba a aikin gwamnati, kuma muddin yaran suna amfana, sunan wanda aka rubuta a rahoto bai dame ni ba.

Abin da ya dame ni ya faru ne a ranar da muka gayyaci iyaye su zo kallon wasan kwaikwayon ƙarshen zango. Ban taɓa ganin taron iyaye kamarsa a makarantar ba, har tabarmi aka aro daga maƙwabta. Ana gama wasa, ana cikin tafi, sai shugaban ya karɓi lasifika ya sanar da cewa kowane ɗalibi zai kawo kuɗin gyaran rufin da iska ta ɗaye da na sayen bencina, kuma malaman aji ne za su karɓa. Bai shawarci shugabannin ƙungiyar iyaye ba, bai kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta ba, alhali an kafa wannan kwamiti ne, da wakilan sarakuna da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai a cikinsa, domin irin wannan magana. Kuɗin ba su da yawa a idon mai albashi, amma ga mai 'ya'ya uku a makarantar, wanda sai ya fita ya samo ake ɗora tukunya, abinci ne na kwanaki.

Washegari na same shi a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, rufin yana bukatar gyara, kuma na tabbata iyayen nan za su taimaka da zuciya ɗaya, amma a bar ma'ajin ƙungiyarsu ya karɓa, a yanka wa kowa rasit." Na tuna masa cewa dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi a wannan mataki na karatu, har ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karɓa, saboda haka gudummawa ba ta halatta sai idan iyaye ne suka yanke ta da kansu. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne shugaba ko ni?" Na ce shi ne, amma hannuna ba zai karɓi kuɗin da ba shi da rasit ba. Sauran azuzuwa aka tattara, ajina kuma aka turo wani ya tattara.

Iyaye sun biya, kuma na san dalilin da ya sa suka biya da sauri haka, domin a taronmu aka yi sanarwar, suka ɗauka da yawuna aka yi. Zango ya ƙare, wani ya shigo, ba a ga kwano ko ƙusa ba. Wata rana da yamma wata bazawara mai sayar da awara, wadda 'yarta take cikin hazikan ajina, ta tare ni a bakin ƙofar makaranta, ta ce, "Malam, don kai na ba da kuɗin nan, adashina na ɗauka." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, ta gyara mayafinta ta wuce. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri," domin ba ni da wata amsa da zan ba ta wadda ba za ta zama tonon asirin wurin aikina a bakin titi ba.

Da shugabannin iyaye suka fara tambayar inda kuɗin suka shiga, sai ga takardar tuhuma a kan teburina. Laifina, a cewarta, shi ne shigo da baƙi harabar makaranta ba tare da izini ba a lokacin da ake fama da matsalar tsaro. Tsaron yara ba abin wasa ba ne a jihar da ta ga abin da ya faru a Ƙanƙara, kuma da gaskiya ce ta sa aka rubuta takardar, da ni ne farkon mai goyon baya. Amma baƙin da ake magana iyayen yaran ne, kowannensu mai gadi ya san shi da suna, kuma kowace gayyata akwai sa hannun mataimakin shugaba a kanta. Na amsa tuhumar a rubuce, na haɗa da kwafin gayyatun. Ba a sake ce mini komai ba, sai dai an soke zaman Laraba, aka hana malamai mata zuwa zaman Asabar da sunan makaranta, daga baya kuma sunana ya fito cikin waɗanda aka yi wa canji zuwa ƙauye. Ba na raina koyarwa a ƙauye, can ma 'ya'yan mutane ne, amma na san ba bukatar aiki ce ta kai ni ba.

Ga wanda zai karɓi ajin, da duk malamin da yake son gwada irin wannan, ga abin da zan iya faɗa. Duk izinin da aka ba ka da baki, ka mayar da shi rubutu, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka bari a haɗa ranar da iyaye suka zo ganin aikin 'ya'yansu da maganar kuɗi, ko da na gina masallaci ne. Ka sanar da kwamitin kula da makaranta tun ranar farko, domin abin da yake a hannun malami ɗaya da takarda ɗaya ake kashe shi. Kada ka sa zama ranar Lahadi, 'yan kasuwar Jibiya da Charanci ba za su zo ba. Ka girmama mai gadi da masinja, su ne suka san gidan kowane yaro.

Littafin da na rubuta sunayen iyaye da sana'o'insu da unguwanninsu na bar shi a hannun malamar da ta fi daɗewa a zaman Asabar, domin na ji matan sun ci gaba da adashinsu ba tare da jiran izinin kowa ba. Ajin da na bari zai shiga shekarar jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a zangon farko mai zuwa, damina kuma tana tafe, rufin yana nan yadda iska ta bar shi. Ina roƙon shugaban kwamitin kula da makaranta, wanda dattijo ne da unguwa take jin maganarsa, ya nemi a karanta lissafin kuɗin nan a taron zango mai zuwa, a gaban iyayen da suka biya.