Asabar ɗin neman a-kori-kura

Asabar, bayan sallar isha'i, Houston.

Ƙafafuna ciwo suke yi, rigata kuma har yanzu warin baƙin mai take, amma gara in rubuta abin da ya faru yau tun lambobin suna kaina.

Ana idar da sallar asuba na bi ta gidan Baba na ɗauko shi. Dattijo ne ɗan Damagaram, ya daɗe yana gyaran manyan motoci a garin nan, kuma tun da na zo ƙasar nan shi ne uban da nake kai wa shawara. Ya fito da tocila, da kwalin da zai shimfiɗa ya kwanta a ƙarƙashin mota, da maganaɗisu, da 'yar na'urar nan da ake sokawa a ƙasan sitiyari ta tona abin da inji ke ɓoyewa. Yana zama ya ce, "Ɗana, ka zo da takardar nauyin ɗakin naka?" Na ce tana aljihu. Ya ce to mu je.

Ɗakin da yake nufi shi ne tirelarmu ta tafi-da-gidanka da muka saya bara. Tsawonta ƙafa 33, da gadaje, da madafa, da banɗaki. Mun saye ta ne don yara su ga ƙasar da aka haife su a ciki ba tare da mun yi ta faman otal da neman abincin halal a ƙauyukan da ba mu san kowa ba. Uwargida ta dafa nata, mu shimfiɗa darduma mu yi sallarmu. Sau ɗaya kacal muka yi doguwar tafiya da ita, da ƙaramar a-kori-kurar da nake zuwa aiki da ita. A kan hanyar I-10, muna dawowa daga yamma ga iska tana kaɗawa, wata babbar tirela mai taya 18 ta wuce mu, sai na ji ɗakin ya fara lilo a bayana, yana jan gindin motar hagu da dama. Sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Allah ya kiyaye, na samu na rage gudu a hankali har ya daidaita. Babu wanda ya yi magana a motar, sai muryar uwargida tana ta salati ƙasa-ƙasa. Tun ranar ɗakin yake ajiye a filin haya, ina biyan kuɗin wata, ban sake ɗaura shi ba.

Shi ya sa muka fita yau neman babbar a-kori-kura da za ta riƙe shi. Mota uku na ware a waya. Ta farko ba mu ɓata lokaci a kanta ba. Arahar ta ce ta ja ni, kuma daga nesa ba ta da makusa. Baba ya buɗe ƙofa ya shinshina, ya haska ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, duk tsatsa. Ya ɗaga gefen kafet, ga busasshen taɓo a kwance. Ya dube ni ya ce, "Wannan ta sha ruwa." Duk wanda ya zauna a Houston a watan Agustan 2017 ya san abin da guguwar Harvey ta yi wa motoci, kuma ambaliya ba ta daina zuwa ba tun daga lokacin. Motar da ta nutse ana iya wanke ta ta yi fes, amma wayoyin lantarkinta suna ci gaba da ruɓewa a ciki. Muka yi wa mai ita godiya muka wuce.

Ta biyu ita ce ta kusa tafiya da hankalina. Mun hau I-45 muka yi arewa har Conroe, gidan wani tsohon Bature mai kiwon dawaki. Ram 2500 ce ta 2016, mai ƙofa huɗu, da injin dizal na Cummins mai lita 6.7, silinda shida a jere. A gida dizal muke ce wa gas, a nan kuwa in ka ce gas fetur za a zuba maka, shi ya sa na koya wa bakina cewa dizal. Da mutumin ya tayar da ita sai na ji rurin nan mai nauyi har cikin ƙirjina. Shekara biyu ke nan irin wannan injin nake mafarki.

Baba ya bi ta ciki da bai. Ya kwance murfin zuba baƙin mai ya kifa shi a bakin ramin inji yana aiki, murfin bai yi tsalle ba, ya ce zoben fistin lafiya lau. Ya kwanta ya haska salansa don ya tabbatar matatar hayaƙi da tankin DEF, ruwan da ke rage gubar hayaƙin dizal, suna nan, domin da yawa a nan cire su suke yi, kuma dokar tarayya ta hana, ga shi in ka sayi wadda aka cire wa kai ne da wahalar mayarwa. Komai yana wurinsa. Mai motar ya fito da fayil ɗin rasit na duk juyen da ya yi. Na tuƙa ta, na danna birkin salansa a wata 'yar gangara, na ji motar ta riƙe kanta ba tare da na taka komai ba. A raina na riga na gama ciniki.

Sai Baba ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa, ya kira ni. A jikin ginshiƙin ƙofar akwai wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa da fari, wadda ke faɗin iskar taya da iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Laba 2,140 aka rubuta. Laba shi ne ma'aunin nan, biyu da ɗoriya ke yin kilo ɗaya. Ya ce in fito da takardata mu yi lissafi a kan bonet.

Ɗakin namu in an cika shi iyakarsa laba 9,500. Irin waɗannan ɗakuna dole kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsu ya sauka a kan ƙugiyar bayan mota, in ya gaza haka lilo zai yi. Muka ɗauki kashi 13, ya ba mu 1,235. Ƙarfen ƙugiyar kansa, mai sandunan da ke mayar da nauyi zuwa tayoyin gaba, kusan 100. Ni da uwargida da yara uku da jakunkunan da ba sa rabuwa da su, 800, kuma yaran girma suke yi. Janareto, kekuna, itacen wuta da kular ƙanƙara a baya, 400. Jimla 2,535. Mun haura takardar da kusan laba 400 tun ba mu ɗauki baƙo ko ɗaya ba.

Na ce, "Baba, amma ai wannan motar tana jan abin da ya fi ɗakinmu nesa ba kusa ba." Ya ce, "Ja daban, ɗauka daban. Jakin da zai ja amalanke cike da buhunan gero, ɗora masa rabinsu a gadon baya ka gani." Ya bayyana mini cewa yawancin motocin wannan aji na waɗancan shekarun, ko Ram 2500, ko Ford F-250, ko Silverado 2500HD, iyakar nauyinsu gaba ɗaya a takarda laba 10,000 ne. Injin dizal ya fi na fetur nauyi da ɗaruruwan laba, ga kujerun fata, ga giyar taya huɗu, kowanne yana cin nasa rabon daga cikin dubu goman nan. Abin da ya rage shi ne naka da iyalinka.

Tsohon ya tsaya yana jin mu duk da ba ya jin Hausa, na fassara masa. Ya ce gaskiya ya sha ɗora mata fiye da haka ba ta taɓa nuna gajiya ba, kuma na yarda da shi. Baba ma ya ce akwai masu ganin dubu goman nan iyakar aji ce kawai ta hukuma, ƙarfen baya da tayoyin suna iya ɗaukar fiye da haka. Na san wannan muhawarar, na sha karanta ta. Amma ni na ji sitiyari ya mutu a hannuna da 'ya'yana uku a kujerar baya, ba zan sake ɗaukar su in fita da sanin cewa na ƙetare abin da maƙerin motar ya rubuta ba. Tsohon ya ce to in nemi Ram 3500, inji ɗaya ne amma ta fi ɗaukar kaya. Gaskiyarsa ne, sai dai waɗanda na gani masu lafiya sun fi ƙarfin abin da na tara, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ci bashin da ke da kuɗin ruwa ba saboda mota. Na bar gidan nan zuciyata a jagule. Har muka fita ƙofa ina kallonta ta madubi.

Mun yi azahar a gefen wani gidan mai, muka ci abin da uwargida ta ƙunsa mana, sannan muka gangara kudu maso yamma zuwa Rosenberg.

Ta ukun ba ta da wani kwarjini. Fara ce, Ford F-250 ta 2018, tabarmar roba a ƙasa, kujerun yadi, da alamar inda aka ɓare sunan wani kamfani a ƙofa. Injin fetur ne mai lita 6.2. Kafin in kalli komai ƙofar direba na buɗe: 3,270. Na sake karantawa. Ko mun loda duk abin da muka lissafa, akwai ragowar sama da laba 700.

Baba ya fito da maganaɗisunsa don ya nemo inda aka yi ciko, sai ya tuna ya mayar aljihu, domin tun daga 2017 jikin waɗannan da alminiyam ake yin sa, maganaɗisu ba ya kamawa. Da ido da tafin hannu ya bi ta. Abin da ya fi damunsa shi ne tarihin aikinta. Motocin kamfanonin rijiyoyin mai na wajen Midland da Odessa sukan wuni a tsaye inji yana aiki saboda na'urar sanyaya ɗaki, sai ka ga mil kaɗan a agogo alhali injin ya tsufa. Ya latsa allon gaban direba ya fito da awannin: mil 96,000, awa 3,100 na aiki, 600 daga ciki a tsaye. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan hanya ta yi, ba zaman jira ba. Shasin babu irin tsatsar gishirin da ake gani a motocin da suka fito daga jihohin dusar ƙanƙara. Na'urar birkin tirela tana nan tun daga masana'anta, soket mai ƙafa bakwai yana kawo wuta, madubai suna zarowa waje. Na sa lambar shasin mai harafi da lamba 17 a waya, babu rahoton ambaliya ko babban haɗari.

Tayoyin ne matsala. Zanensu da saura, amma lambobi huɗun ƙarshe a gefensu 2119 ne, wato mako na 21 na shekarar 2019. Tayar da ta kai wannan shekarun a zafin Texas ba abin ɗora wa kaya ba ce. Dole in sa sababbi masu ajin E, waɗanda ke ɗaukar iska har 80.

Dillalin ya yarda mu fita da ita, muka bi ta tashar manyan motoci muka hau sikeli. Da mu biyu a ciki da tanki kusan cike ta ba da laba 7,120, abin da ya yi daidai da takardar ƙofa. A hanya ba ta da rurin waccan, kuma na san abin da zan rasa. Ƙarfin murɗawar Cummins ɗin kusan ninki biyu ne na wannan. In muka nufi Colorado muka hau Raton Pass, inda tsayi ya haura ƙafa 7,800, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, zai yi ta kuka a ƙaramar giya mu bi layin dama a hankali. Fetur kuma za ta sha shi sosai in tana ja. Amma ja ɗin bai wuce sau biyar ko shida a shekara ba. Sauran kwanakin mil tara ne tsakanin gida da wurin aiki, kuma Baba ya ce dizal na zamani ba ya son gajeriyar tafiya, matatar hayaƙinsa sai ta yi zafi a doguwar hanya take ƙone tokar da ta tara. Ko a juye, wannan kwalba 7 take sha, waccan 12.

Dillalin ya sa dala 29,900. Na nuna masa lambar tayoyin, Baba ya nuna masa wani ɗan jiƙon mai a gindin shokozoba ta baya. Muka ja, muka ja, har ya sauko 28,500. Sau uku yana kawo mini maganar biya kaɗan-kaɗan ta banki, sau uku ina ce masa cek zan kawo na kuɗin gaba ɗaya. Harajin jihar na kashi 6.25 cikin ɗari zai ƙara kusan dala 1,800, ban da rajista da tayoyi. Zai cinye kusan duk abin da muka tara, har da kwasar adashin uwargida. Na ajiye kafin alƙalami na dala 500 da sharaɗi a rubuce: ranar Litinin za mu kai ta garejin Baba a ɗaga ta sama, in an ga abin da bai yi ba a mayar mini da kuɗina.

A hanyar komawa Baba ya lura na yi shiru. Ya ce, "Har yanzu tana ranka ko?" Na ce ƙwarai. Bai ce komai ba, ya dafa kafaɗata.

Da na shiga gida yara suka yanyame ni suna tambayar launinta, ƙaramar tana son sanin ko yanzu za mu je Palo Duro, babban kwazazzabon nan na arewacin Texas da na daɗe ina yi musu alkawari. Uwargida ta bari sai da suka kwanta, ta kawo mini shayi ta zauna. Ta ce, "Baban yara, wannan za ta riƙe ɗakin?" Na ciro takardar lissafin da muka yi a kan bonet, na nuna mata 2,535, na nuna mata hoton takardar ƙofa mai 3,270. Ta daɗe tana kallon lambobin biyu, sannan ta ce Allah ya sa alheri, amma tafiyar farko ta zama kusa, kuma mu bi ta sikeli da ɗakin a ɗaure kafin mu hau babbar hanya. Na ce haka za a yi.

Litinin ƙarfe takwas a garejin Baba. In tuna in ce ya duba ruwan giya da birkin baya, in kuma kira masu inshora kafin in je banki.