Kwana 3 ina koyon rubutu a baibai

Tun muna ƴan makaranta nake wuce wani dattijo a bakin hanyar da ke zuwa ofisoshi a nan Damagaram. Ɗan teburi gare shi, da reza, da gutsattsarin roba cikin gwangwanin madara. Sana'arsa sassaƙa hatimi, wanda mu nan muka fi kira kashe, kalmar da muka gada daga Faransawa. Shekara da shekaru ina wuce shi, ban taɓa ko leƙa abin da hannunsa ke yi ba. Sai ga shi bara na zauna gabansa kan tabarma kwana 3 cur, yana yi mini faɗa kamar ƴar aji ɗaya, ni da nake malamar makaranta.

Ɗiyar yayana ce za ta yi saukar Alƙur'ani, ni kuma bakina ya ja mini, na ce a bar mini kyautar da za a raba wa baƙi. Abin da aka saba shi ne a je wajen masu kwamfuta a bugo kalanda ko ɗan hoto mai manne, a liƙa a jikin roba ko bokiti. Na gaji da ganin wannan. A gidanmu kaɗai akwai kalandar biki ta fi 10, duk fure ɗaya, duk launi ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Ina cikin wannan tunani wata abokiyar aikina ta ce mini masu sana'ar hannu za su taru a farfajiyar wata makaranta lokacin hutun Disamba, kuma za a ware rumfa guda don koya wa mutane yin hatimi. Na biya jaka 2 na kuɗin sefa, na sa sunana.

Taron ya fi yadda na zata. Dukawa sun baje jakunkuna da takalma, ga masu rini, ga mata daga Mirya da tukwanensu, ga maƙeran farfaru da zobba. Rumfarmu ce mafi ƙanƙanta, a can ƙurya kusa da randar ruwa. Mu 14 ne, mata sun fi yawa, malaminmu kuwa wannan dattijo na bakin hanya. Kowa Baba yake ce masa.

Kayan aikin ba su da wani tsada. An ba kowa farin magogin fensir, wanda yara ke kira gom, da reza, da fensir mai taushi. Abin da ya burge ni shi ne ɗan kurfin da Baba ke yankan siririn layi da shi. Haƙarƙarin tsohuwar laima ne, wanda dama yake da kwari a tsakiya kamar indararo. Maƙeri ya yanka masa, ya wasa bakin, ya sa ƙota. Ya ce ya fi shekara 20 yana aiki da irinsa. Akwai kuma tafin tsohon silifa, wanda ya dace da manyan zane amma ba ya riƙe ƙaramin harafi, da robar cikin taya da ake mannawa a jikin katako.

Kuskurena na farko shi ne wanda kowa ke yi, kuma Baba yana kallo ya ƙyale ni. Na rubuta sunana a kan gom yadda na saba rubutawa a allon aji, na ɓata kusan awa guda ina sassaƙa, na dangwala a tawada, na buga. Sunan ya fito a juye, kamar an tara shi gaban madubi. Matan da ke kusa da ni suka fashe da dariya, sai da suka buga nasu dariyar ta koma ciki.

"Ƴata, da na faɗa miki da baki, da gobe kin manta," in ji shi. "Yanzu kuwa har ki mutu."

Sannan ya nuna mana dabarar. Ka zana abinka daidai a takarda, ka bi shi da fensir har ya yi baƙi ƙirin, ka kifa takardar a kan robar, ka goga bayanta da farce ko bayan cokali. Baƙin fensir zai koma kan robar a juye da kansa. Shi ba ya buƙatar haka, kai tsaye yake rubutu a baibai, boko da ajami duka. Na tsaya ina kallon yadda ajami ke tafiya daga hagu zuwa dama a hannunsa, abin har tsoro ya ba ni.

Inda na fi daɗewa ban gane ba shi ne yadda ake riƙe reza. Ni a tsaye nake yanka, wani lokaci ma in karkata ta shiga ƙarƙashin harafin. Da an danna sau 2 ko 3, harafin ya lanƙwashe ko ya ɓalle. Baba ya tambaye ni ko na taɓa duba abin da ya rage na ganuwar Birni, tsohuwar unguwar garinmu, wadda Sarki Tanimun ya gina a ƙarni na 19. Na ce na taɓa. Ya ce to ina ne ya fi kauri, sama ko gindi? Harafi ma haka yake so, gindi mai faɗi, kai siriri. Reza ta karkata waje, ta guji layin, kada ta ci ƙarƙashinsa. Ɗigon ajami ne ya fi wahala, don shi kaɗai yake tsaye ba abin jingina. Na zubar da ɗigo ya fi a ƙirga, kuma harafin da ya rasa ɗigonsa ya zama wani harafi daban.

Da azahar wani saurayi mai shagon buga hatimi da inji ya zo gaishe da Baba, muka shiga hira. Shi ya ba mu labarin cewa sai da wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano yadda ake dafa ɗanyar roba da farar wuta ta daina narkewa a zafi, ya yi rajistar dabarar a 1844, kafin a samu robar da za ta yi wannan aiki. Hatimin roba kuma ya fara yaɗuwa a Amurka cikin shekarun 1860. Baba ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce robar ce sabuwa, ban da hatimi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana da zoben azurfa da aka zana wa "Muhammad Rasulullah", da shi ake buga wasiƙun da ya aika wa sarakuna. Saurayin ya ce haka ne, Baba. Ban ga alamar gaba tsakaninsu ba, ko da yake kowa ya san injin ya janye yawancin cinikin ofisoshi.

Rana ta 2 ta tafi a kan tawada. Na zo da tawadar allo daga gida, irin ta baƙin tukunya da ƙaro, ina ganin ita ta dace da sauka. Ba ta zauna ba. Ruwa ya yi mata yawa, sai ta dunƙule a kan robar kamar raɓa a ganyen tumfafiya, bugun ya fito dabbare-dabbare. Tawadar ofis mai ruwan shuɗi tana fita tsaf a takarda, amma ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta ta bazu. Wanda zai buga a yadi sai ya nemi fentin yadi, ya shimfiɗa shi siriri a kan soso cikin gwangwanin sardin, in bugun ya bushe ya bi bayansa da dutsen guga mai zafi don ya kama. Hunturu kuma ya ƙara mana aiki. Kafin ka buga 3 soson ya fara ƙafewa, ƙura kuma tana sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna daram. Sai muka riƙa kifa faranti a kan gwangwanin tsakanin bugu da bugu.

Na so in gwada a fata, sai wani baduku da ke rumfar kusa ya ce kada in ɓata fatar banza. Su da ƙarfe suke yi. A ɗan jiƙa fatar da aka jeme da bagaruwa, a ɗora ƙarfen mai zane, a doka da guduma, zanen ya nutse ya zauna har abada. Launi kuma nasu daban ne, ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko. Roba ba ta da ƙarfin da za ta nutsa cikin fata. Wata mai rini da ta taɓa zama a Gana ta ce a Ntonso, kusa da Kumasi, da ƙwarya ake sassaƙa hatimin da ake buga wa yadin adinkra. Na ɗauki sakaina na gwada. Tana yankuwa, amma hannuna bai kai nan ba tukuna, na ajiye.

Da yamma na bi lungunan Birni da littafina ina kwafar zanen bangon tsofaffin gidaje, dagi da sauran ƙulle-ƙullen da magina suka bari. Na dawo gida na haɗa zane guda wanda na cusa wa komai: allo, da dagi a kowace kusurwa, da zankwaye a sama, da Bisimilla a tsakiya, da sunan yarinyar, duk a fili da bai kai tafin hannun jariri ba. Washegari na miƙa wa Baba ina jiran yabo.

Ya daɗe yana dubawa. Ya tambaye ni a jikin me za a buga. Na ce ƴan jakunkunan yadi da za a zuba dabino da alewa.

"In yaro ya cinye alewar, ina jakar za ta?"

Na yi shiru, don na san amsar. Wata za ta kwana a bola, wata a kwata, wata akuya ta tauna. Ya ce shi bai taɓa sassaƙa aya ko sunan Allah a abin da za a raba wa jama'a a yar ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Kunya ta kama ni, ni da nake tsawata wa ɗalibai in sun yar da takarda mai Bisimilla. Sauran zanen kuma ya ce in cire kashi 2 cikin 3. Layin da ya fi silin tsintsiya siranta ba zai kai bugu 20 ba. Na yi gardama a kan dagin, ya bar mini guda ɗaya. Abin da ya rage shi ne siffar allo, dagi a ƙasansa, da "Barka da sauka" a ciki maimakon Bisimilla. Sunan yarinyar ya koma wani ɗan hatimi daban.

A gida ne aikin gaske ya fara. Na sayo yadin akoko a Kasuwar Dole ranar Alhamis, tela ya ɗinka mini jaka 60. Ban wanke yadin ba kafin ɗinki, ashe sabon yadi yana da sitaci da ke hana fenti shiga sosai. Sai da na wanke su duka na goge, kwana guda ya tafi a nan. Na farko da na buga, fentin ya ratsa ya ɓata bayan jakar, daga nan na riƙa zura kwali a ciki. Sannan gaggawa ta sa na jera wasu a kan juna ba su gama bushewa ba, 11 suka manne. Waɗannan na juya su na buga a ɗaya gefen, ban gaya wa kowa ba sai yau.

Babbar ɓarnar ta zo saura kwana 2. Fenti ya bushe a cikin kwarin haruffan, na ɗauko kananzir na jiƙa hatimin na bar shi ya kwana, ina ganin wayo na yi. Da safe gom ɗin ya kumbura ya yi laushi, na taɓa "sauka" sai harafin ƙarshe ya biyo yatsana. Baba ya faɗa mana ruwa da ɗan sabulu kawai, nan take bayan an gama. Na ji, ban riƙe ba. Jaka 22 suka rage. Na zauna da dare da fitilar waya na sake sassaƙa wani, na yanke babban yatsana na hagu don na manta na sa shi a gaban reza. Abin mamaki, na farkon ya ci mini yini guda, wannan kuwa bai kai awa 2 ba, kuma ya fi shi tsabta.

In don sauƙin kuɗi ne, ban ba kowa shawara ba. Da na haɗa kuɗin yadi, ɗinki, fenti da na taron, sai na ga da kalanda na bugo da na rage wani abu, ban da baccin da na rasa. Kuma wanda zai yi, ya fara saura wata guda, ya sassaƙa hatimi 2 tun farko.

Ranar saukar, Gwaggo ta karɓi jaka 2, tata da ta kishiyarta, ta ɗaga su a rana tana gwadawa. Ta ce, "Ke, wannan allon ya fi wannan ƙiba." Na ce hatimin ne ba ɗaya ba. Ta riƙe mai ƙibar ta ba kishiyar ɗayar. Yanzu carbinta take sakawa a ciki. Malamin makarantar allon kuma ya aiko a tambaye ni ko zan yi masa hatimin makaranta. Na ce a gaya wa Malam wannan ba hurumina ba ne, na kwatanta masa teburin Baba. Dama Baba ya gargaɗe mu tun ranar farko cewa hatimin makaranta ko na ofis ba a yi wa kowa sai ya zo da takardar shaida, don da irinsa ake takardun jabu.

Bayan mako guda na biya ta bakin hanyar na kai masa jaka ɗaya, daga cikin na hatimi na biyu, da dabinonta a ciki. Ya sa tabarau, ya matso da ita kusa da hanci, ya bi layin da farce.

"Wa ya riƙe miki reza?"

Na ce ba kowa, Baba.

Ya nuna mini kusurwar dagin inda layi ɗaya ya haye ɗan'uwansa maimakon ya bi ta ƙarƙashi. Ni ban taɓa lura ba, kuma haka yake a jaka 22. Ya juye dabinon a aljihu, ya zuba rezojinsa a cikin jakar, ya ɗaure bakin, ya ce in na zo wucewa ranar Asabar in taho da sakainar nan da na ajiye.