Kilomita 21 a Riyad: abin da tafiya ke yi wa ƙafa kafin ranar tsere

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Na yi nawa na farko a Riyad, cikin watan Fabrairu, a gasar da hukumar wasanni ga kowa ta Saudiyya ke shiryawa tun watan Maris na 2022, inda ake gudun kilomita 42 da 21 da 10 duk a safiya guda. Na haɗa shi da Umra, kamar yadda kusan duk wanda ya biya kuɗin jirgi daga Kano zai so ya yi. Na shirya gamawa cikin awa 2 da minti 15, na gama cikin awa 2 da minti 31. Waɗannan mintuna 16 ba a filin atisaye na rasa su ba. A kwanaki biyar ɗin da ke tsakanin saukata Jidda da safiyar tsere suka zube, kuma shi ya sa nake rubuta wannan, don mai niyyar yin irin tafiyar ya san inda ramin yake.

Atisayen kansa ba shi da wani sirri. Sati 12, fita huɗu a sati bayan sallar Asuba: uku gajeru tsakanin kilomita 5 zuwa 8, ɗaya dogo da ya fara daga 8 yana ƙaruwa da kilomita ɗaya ko biyu har ya kai 18. Duk sati na huɗu a rage, jiki ya huta. Dogon gudu na ƙarshe ya kasance saura sati biyu, daga nan sai ragewa. Abu ɗaya zan ƙara wa mai zuwa Umra: allurar sanƙarau da ake nema sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga ƙasar, kuma takan sa hannu ya yi tsami, wani har da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya. Kada ka yi ta jajibirin dogon gudunka.

Takalmin gudu, safa, wando da rigar da za ka sa ranar tsere su shiga jakar hannu, kada su bi awon kaya. Akwati kan yi latti, kuma sabon takalmi, ko da iri ɗaya ne da naka, zai iya fito maka da bororo kafin kilomita 12. Takalmin da za ka yi tsere da shi ya zama wanda ka riga ka yi dogon gudu biyu ko uku a cikinsa, da sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakinsa, saboda ƙafa na kumbura idan gudu ya yi nisa. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama, iskar cikin jirgi kuma busasshiya ce ƙwarai. Ka sha ruwa, ka tashi ka taka duk bayan awa guda.

Babban kuskurena shi ne jerin ranaku. Na yi Umra ranar Laraba, na tashi zuwa Riyad ranar Alhamis, tsere kuma Asabar. A takarda ya yi kyau. Abin da ban lissafa ba shi ne yawan tafiyar da ke cikin ranar. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai wajen kilomita uku, ga sassarfar da maza ke yi tsakanin korayen fitilu. Ɗawafi kuwa ya danganta da inda cunkoso ya ajiye ka. Idan bene ka hau, zagaye ɗaya ya ninka na ƙasa sau da yawa. Ka ƙara tafiya daga masauki zuwa Harami da komowa don salloli biyar. Wayata ta ƙirga kilomita 14 a ranar, mafi yawansu ba takalmi, a kan daɓen marmara mai tauri. Ƙafar da ta saba da takalmin gudu mai tudun dunduniya, idan ta yini a ƙasa tsirara, sharaɓa da jijiyar agara ne ke ɗaukar nauyin. Ba ka jin komai a ranar, farin cikin wurin ya rufe gajiya. Sai safiyar Juma'a na sauko daga gado na ji sharaɓata kamar an ɗaure ta da igiya.

Ba cewa nake a rage ibada don gudu ba. Ibada ita ce gaba, a fara da ita, a ba ta haƙƙinta ba tare da ana tattalin ƙafa ba. Abin da za a gyara shi ne tazara: a bar kwana shida ko bakwai tsakanin Umra da tsere, a yi ɗan gudu mai sauƙi na minti 20 zuwa 30 sau biyu a tsakani. Wanda hutunsa bai kai haka ba, ya fara da tseren, ya ba ƙafarsa kwana huɗu, sannan ya ɗaura harami. Kuma Riyad ba kusa take da Makka ba. Ta mota ya haura kilomita 800, jirgin ƙasan Haramaini bai zuwa can, tsakanin Makka da Jidda da Madina yake. Jirgin sama daga Jidda wajen awa ɗaya da rabi ne, shi ya fi wa ƙafa.

Na biyu shi ne barci. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Ba wani abu ba ne ga mai ziyara, amma ga wanda zai tashi ƙarfe huɗu na asuba ya ci abinci, jikinsa na ganin ƙarfe biyun dare ne. Ciki bai farka ba, bayan gida bai zo ba, sai ya zo maka a tsakiyar hanya. Maganinsa a fara tun daga gida: saura sati guda ka riƙa matso da kwanciya da tashi da minti 20 kullum. Daren jajibiri da wuya a yi barci mai kyau, kada wannan ya dame ka. Na daren da ya gabace shi ne ya fi amfani.

Sai abinci, wanda ya fi komai wuyar sha'ani, domin ba kai kaɗai ke da magana a kansa ba. A gidan ɗan baffana na sauka, ya shekara da yawa yana aiki a Riyad. Ranar Juma'a da dare, jajibirin tsere, aka shimfiɗa leda, aka ajiye faranti guda na mandi, naman rago a kwance kan shinkafa, mai na ƙyalli, ga yaji na gida da uwargidansa ta ajiye don baƙi irina. Na ce, "Yaya, da za a ɗan zuba min farar shinkafa kawai." Ya dube ni ya ce, "Haba, ka taso tun daga Kano ka zo gidana ka ci gaya? Bismilla." Na ci, kuma ban ga yadda zan ƙi ba a lokacin. Amma kitse da nama na daɗewa a ciki, yaji kuma na motsa hanji idan gudu ya girgiza shi. Daga kilomita na tara na fara jin nauyinsa. Laifin nawa ne, da tun a waya kafin in zo na gaya masa cewa liyafar a bar ta sai ranar Asabar da dare, bayan tsere. Mutanenmu ba sa ƙin uzurin da aka kawo da wuri.

Abin da ya dace a jajibiri shi ne babban ci da rana, shinkafa ko taliya da miya mara mai sosai da ɗan kaza, da dare kuma ci kaɗan kafin ƙarfe takwas. Da safe, awa biyu da rabi zuwa uku kafin tashi, burodi ko rabin tamis, wato faffaɗan burodin tanda na can, da zuma, ayaba ɗaya, shayi ba madara. Ful da ake ci da tamis ɗin a bar shi, wake ne, kowa ya san aikinsa a ciki. A watan Fabrairu alfijir na ketowa a Riyad jim kaɗan bayan ƙarfe biyar, rana na fitowa wajen shida da rabi, don haka ka lissafa inda za ka yi sallar Asuba. Ana rufe titunan da ke kewaye da wurin tun da duhu, mai Uber ko Careem zai sauke ka nesa, ka ƙara minti 20 na tafiya a lissafinka. Lambar ƙirji kuwa ana karɓarta tun kafin ranar, ka tafi da fasfo. A bayanta na'urar ƙirga lokaci take, kada ka lanƙwasa ta. Lokacinka na fara ƙirguwa ne sa'ad da ka taka shimfiɗar farawa, saboda haka babu dalilin turereniya.

Yanayin Riyad shi ma yana ruɗin mutum. Gari ne a kan tudu, wajen mita 600 daga teku, safiyar Fabrairu sanyi kan sauko kusan digiri 10, iska a bushe kamar hunturun Kano. Wanda ya yi atisaye a hunturu ya ci riba. Sai dai gumi na bushewa kafin ka gan shi, riga ba ta jiƙewa, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa. Na wuce teburin ruwa biyu na farko saboda ban ji ƙishi ba. Da na gama, gishiri ne fari a gefen fuskata da kan hulata. Hanyar sanin naka ita ce awo: hau sikeli kafin gudun awa ɗaya da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Yawancin masu gudu irin saurina rabin lita a awa na isarsu, kurɓa biyu zuwa uku a kowane tebur. Kada kuma a wuce gona da iri, ruwa zalla mai yawa na tsinka gishirin jini, kuma wannan ya fi ƙishi haɗari. Ka matse bakin kofin takardar ya zama kamar mazurari, sai ka sha kana tafe ba tare da ka shaƙe ba.

Ga gudun da zai wuce awa ɗaya da rabi jiki na son sukari, giram 30 zuwa 60 a awa. Dabino na yin wannan aikin, kuma ba inda ya fi Saudiyya samunsa. Ƙananan ƙwaya huɗu ko biyar sun kai wajen giram 30. Na cire ƙwallayen, na sa a 'yar leda cikin aljihun wando, ina cin biyu duk bayan minti 25, daidai inda zan samu ruwan korawa. Mai laushi irin sukkari ya fi, busasshe na maƙalewa a wuya. Wannan kam ya yi min aiki, domin na gwada shi a dogon gudu tun a gida. Man Vaseline a matsematsi da hamata, filasta a kan nono, farce a yanke saura kwana uku. Dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajere na rufe gwiwa, yana kuma hana cinya gurjewa. Don sanyin jira, ka ɗora tsohuwar riga da ba ka jin asarar barinta a bakin layi.

Lissafin sauri kuwa a rubuce yake. Minti 6 da daƙiƙa 24 a kowace kilomita na ba da awa 2 da minti 15. Minti 7 na ba da kusan awa 2 da minti 28. Da na ji yadda sharaɓata take tun ranar Juma'a, abin da ya kamata in yi shi ne in sauke buri zuwa minti 7, in riƙe shi har kilomita 15, in ga abin da ya rage. Maimakon haka kiɗa da taron jama'a suka ɗebe ni, na yi kilomita uku na farko a ƙasa da minti 6 kowace. A kilomita 16 jijiyar sharaɓar dama ta ɗaure. Idan haka ta same ka, ka koma gefe, ka dafa wani abu, ka miƙe ƙafar baya da dunduniya a ƙasa na daƙiƙa 20 zuwa 30, kada ka fizga. Daga nan na koma gudun minti huɗu, tafiyar minti ɗaya, da gajerun taku, har ƙarshe. Agogonka zai nuna ka cika 21 alhali layin na gaba da mita 200 ko 300, saboda kauce-kaucen da ka yi cikin mutane. Allunan hanya za ka bi, ba agogo ba.

Bayan layi kada ka zauna nan take. Ka taka na minti goma, ka sha ruwa da wani abu mai gishiri, ka sa busasshiyar riga, domin sanyi na kama jiki da sauri. Ciwon cinya ya fi tsanani a rana ta biyu, musamman wajen saukowa daga bene da durƙusawa a salla, saboda haka kada ka sa jirgin komawa gida a daren tseren. Ni na bar kwana uku, na koma ta Makka, na ci tsiren da Hausawan can ke kira siriya a Shara Mansur, sannan na yi ɗawafin bankwana a hankali, a ƙasa, bayan tsakar dare lokacin da mutane suka ragu.